Wasiƙa daga Jos kan kuɗin godiyar kaka

Ɗan'uwana,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kristi. Yaya maman yara da yaran? Yaya sanyin Ingila? Mu ma nan hunturu ya fara leƙowa, da asuba ba mai fita sai da rigar sanyi.

Na ga saƙonka kan kuɗin da kake son aikowa na godiyar kaka, da tambayarka ko a kai gaban ikilisiya a ambaci sunanka. In za ka ji tawa, kada a ambata.

Ka san yadda ranar take. A jera doya, buhunan dankalin turawa, kabeji da acca, ga ɗan akuya ɗaure a bakin ƙofa yana ta kuka, sannan a fara gwanjo. Wani ya saye kabeji ɗaya da kuɗin buhu guda, a tafa, a yi guɗa. Ban ce laifi ba ne, da kuɗin ake gyara rufi, ake riƙe fasto. Amma ni idona yana kan bencin baya, inda gwauraye ke zaune da ɗan abin da suka ƙulle a bakin zane, kunya ta hana su tashi saboda yanzun nan aka kira dubbai. Alhali a Markus sura 12 irinsu ce Yesu ya yaba, gwauruwar da ta ba da baikon anini biyu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kwanan nan shi ne Littafin Firistoci sura 19. Allah ya ce wa manomi kada ya girbe gonarsa har gefe, kada kuma ya koma yin kala, ya bar wa matalauci da baƙo. Rabonsu ne, tun kafin a sa lauje. Da irin wannan kalar Rut ta ciyar da surukarta daga gonar Bo'aza, ba wanda ya tsayar da ita gaban jama'a ta yi godiya. Mu kuwa yau mudu biyu za mu bayar, sai an ɗauki hoto an sa a Facebook.

Mabukata kuwa ba sai an nemo su ba. Tun hare-haren Mangu a 2023, da na Bokkos da Barkin Ladi a Kirsimetin shekarar, akwai gidajen da ke riƙe da 'yan'uwa har yau, ɗaki ɗaya mutum kan mutum. Manoma ne da suka saba bayarwa, roƙo yana yi musu nauyi. Matan Zumunta, wato ƙungiyar matan ikilisiya, sun san su gida-gida. Sun san wadda tukunyarta ba ta hau wuta ba jiya, kuma sun iya shiga da ƙullin masara da magariba kamar gaisuwa ce kawai ta kawo su.

To ga shawarata: ka raba kuɗin biyu. Kashi ɗaya in sa a ambulan ba suna. Ɗayan in ba shugabar Zumuntar Mata ta sayi hatsi yanzu da kaka, kafin ya yi tsada. In wani abu ya rage, akwai yaran da kuɗin makarantar Janairu zai tsayar a gida. Zan aiko maka da lissafin komai.

Mama tana tambayar ko za ku zo Kirsimeti. Ka kira ta da kanka, ni na gaji da ba ta haƙuri.

Naka,
abokinka na Jos