Sanarwa Kan Tsofaffin Batura

Assalamu alaikum ƴan uwa masu haɗa sola da cajin batir, da fatan kowa ya tashi lafiya.

Za mu zauna ranar Asabar mai zuwa bayan sallar La'asar a shagon shugabanmu, domin mu tsayar da magana kan tsofaffin batura. Jiya na ga wani yaro yana fasa batir da guduma a bakin kwata, ruwan cikinsa yana gangarawa inda yara ke wasa, kuma hankalina ya tashi ƙwarai. Ruwan batir asid ne mai ƙona fata da makantar da ido, farantan ciki kuwa dalma ce, wadda ƙurarta ke lalata ƙwaƙwalwar ƙananan yara. Gubar dalma ce ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, ta hanyar sarrafa duwatsun zinare a cikin gidaje.

Kafin zaman, kada kowa ya fasa batir ko ya narka dalmarsa. A riƙa caji inda iska ke shiga, nesa da wuta da sigari, domin iskar da batir ke fitarwa tana iya fashewa. Kowa ya zo da lissafin matattun baturan da ke hannunsa.

Allah ya tsare mu da iyalanmu. Naku, Sakatare.