Gyara kan maganar farantin fitila a shirinku na daren Lahadi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Malam Edita, abin da baƙonku ya faɗa kan farantin fitila kuskure ne, kuma sau uku yana maimaita shi, mai gabatarwa na ta ce masa ƙwarai kuwa. Wai mabiya addinin Hindu wuta suke bauta wa, hujjarsa kuma ita ce an saba ganin tsohuwa a fim tana juya faranti da wuta a kai. Mutum ya ɗauki fim ɗin soyayya ya mai da shi littafin aƙida, ku kuma kuka sakar masa makirfo har shirin ya ƙare. Abin ya ɓata mini rai. Ban zo in kare aƙidar kowa ba, tawa daban ce da tasu, amma wanda zai faɗi abin da mutane suka yi imani da shi, sai ya faɗe shi yadda masu shi suka san shi.

Sunan abin arati. Da baƙon naku ya lura da inda idon mai riƙe da farantin yake, da bai yi wannan katoɓara ba. Idonsa na kan siffar abin bautar da ke gabansa, wadda suke kira murti, ita ake haska wa fitilar. Arati kuwa yanki ne na ƙarshe a ibadar da suke kira puja, ita kuma puja gaba ɗayanta an gina ta ne a kan tsarin karɓar babban baƙo. Cikakkiyarta hidima 16 ce, kodayake jerin yakan ɗan bambanta daga wannan gida zuwa wancan. A gayyato shi, a ba shi wurin zama, a kawo ruwan wanke ƙafa, da na wanke hannu, da na kurkure baki, a yi masa wanka, a sa masa tufafi, a shafa masa niƙaƙƙen icen sandal, a miƙa fure, a kunna turare, a nuna fitila, a gabatar da abinci, a biyo da ganyen taunawa da ɗan ƙwallonsa, wanda a wurinsu yake zaman goro bayan cin abinci. Duk Bahaushen da ya taɓa shimfiɗa wa baƙo tabarma ya kawo masa ruwa kafin a gaisa zai gane fasalin abin, ko da bai yarda da wanda ake yi wa ba.

Ma'aikacin da zai kama jirgin ƙasa da sassafe ba shi da lokacin hidima 16, sai ya yi ta biyar: sandal, fure, turare, fitila, abinci. Malamansu sun haɗa kowanne da ɗaya daga cikin abubuwa biyar da suka ce da su aka gina duniya. Sandal na wakiltar ƙasa, fure sararin sama, turare iska, fitila wuta, abinci kuma ruwa. Ma'anar ita ce mai ibada yana mayar wa abin bautarsa duniyar da ya ce daga gare shi ta fito. To Malam Edita, wuta a nan ɗaya ce cikin kayan da ake miƙawa. In miƙa ta na nufin bauta mata, sai baƙonku ya ce suna bauta wa fure da tuwon shinkafa ma.

Akwai kuma dalilin da ya shafi gini. A tsofaffin wuraren bautarsu, ɗakin da siffar take ciki, garbhagriha, ƙaramin ɗaki ne na dutse mai ƙofa ɗaya, babu taga. Kafin zuwan lantarki, duhu ne ƙirin a ciki. Babban abin da ke kai ɗan Hindu wurin bauta shi ne darshan, wato ya ga abin bautarsa, shi ma ya gan shi. Limaminsu zai ɗaga fitila ya bi siffar da ita a hankali, jama'a na tsaye a waje suna ganin ƙafa, sannan ƙirji, sannan fuska. Shi ya sa juyin yake da ƙa'ida. A tsarin da mutane da yawa ke bi, sau huɗu ne a ƙafafu, sau biyu a cibiya, sau ɗaya a fuska, sau bakwai a jiki duka, kuma kullum hannu na tafiya ne yadda hannun agogo ke tafiya. Fitila a hannun dama, ƙararrawa a hagu, ana kaɗa ta ba tsayawa, don a sanar da zuwa kuma a danne hayaniyar waje hankali ya taru wuri ɗaya. Ana yi da asuba da faɗuwar rana, manyan wurare kuma sukan yi sau da yawa a yini, na farko tun kafin gari ya waye, na ƙarshe lokacin da za a rufe ƙofa da dare.

Ita kanta fitilar ba wani abin mamaki ba ce, 'yar uwar aci-bal-bal ɗinmu ce. Ɗan kasko ne na yumɓu ko na tagulla, da lagwanin auduga da aka murza da hannu. Soyayyen man shanu suka fi darajantawa, in babu a sa man riɗi, wanda aka fi amfani da shi a kudancin Indiya. Lagwani ɗaya ake sawa ko biyar, ana son adadin ya zama mara. Sai an jiƙa lagwanin sosai kafin a kunna, in ba haka ba audugar ce za ta ci ta mutu nan take. In man shanun bai soyu ya rabu da ruwansa ba, wutar za ta riƙa tartsatsi tana fallatsa wa mai riƙe da ita. In lagwani ya yi kauri ko ya fito da yawa, hayaƙi zai turnuƙe ya baƙanta siffar da bangon ɗakin. Mutuwar fitila ana tsakiyar ibada abin ƙi ne a wurinsu, shi ya sa uwar gida takan kashe fanka kafin ta fara. Ba a juya bakin fitila kudu a ibadar yau da kullum, domin kudu a wurinsu ɓangaren Yama ne, mai kula da mutuwa, gabas ko arewa ake fuskantar da ita. Ba a kuma hure ta da baki, saboda abin da ya haɗu da yawu ya ƙazantu. A yi mata fifita da hannu, ko a ja lagwanin cikin mai.

Kafur shi ne wanda ma'anarsa ta fi fitowa fili, kuma shi ne baƙonku ya kira ƙwayar tsafi. Ɗan gutsure ake ɗorawa a faranti a kunna. Kafur mai kyau yakan ci ya ƙare ƙurmus, ba toka, ba gawayi, sai ƙamshi. Suka ce haka ake son girman kan mutum ya ƙone a gaban abin bautarsa har kada ya bar saura. Masu wa'azinsu sukan faɗi irin wannan kan fitilar mai: man shi ne miyagun halayen da suka taru a zuciya, lagwani shi ne son kai, wutar sani tana cin su biyun tana ba da haske. Na kasuwa mai araha, wanda aka gauraya da wasu sinadarai, yakan bar baƙin hayaƙi mai manne wa dutse, abin da ya sa masu kula da ibada suke neman tsantsarsa ko su tsaya a man shanu.

Wurin da na san ya rikita baƙon shi ne inda ake zagayawa da farantin cikin jama'a, kowa ya kifa tafukansa a saman harshen wutar ya shafa a ido da ka. A fahimtarsu wutar ta riga ta je gaban abin bauta ta ɗauko albarkarsa, ita ake shafawa. Haka abincin da aka gabatar yake dawowa da sunan prasad a raba wa mutane, a karɓa da hannun dama, hagu na tallafe da shi a ƙasa. Ba a ɗanɗana shi lokacin dafuwa, don kada a miƙa saura, kuma gidaje da yawa na masu bin Vishnu, ɗaya daga cikin manyan abubuwan bautarsu, ba sa sa masa albasa da tafarnuwa.

Kada a ce na ɓoye wani abu. Wuta tana da matsayi a addinin. Agni, wato wuta, abin bauta ne a tsofaffin littattafansu, da kiran sunansa ma ɗaya daga cikinsu, Rigveda, ya buɗe. Amma wurinsa daban ne: ibadar homa, inda ake haƙa rami ko a gina murhu mai kusurwa huɗu, a zuba man shanu da hatsi a wuta, a matsayin ɗan aiken da ke kai saƙo ga sauran abubuwan bauta. Shi ne kuma shaidar aure, ango da amarya su yi taku bakwai a gabansa, har dokar auren Hindu ta Indiya ta 1955 ta ce inda al'adar ma'auratan ta ƙunshi wannan taku, aure na cika ne da na bakwai. Da wannan baƙon ya kawo, da an ce ya taɓo wani abu. Sai ya bar shi ya kama faranti, ya ƙara da kiran su Majusawa. Majusawan Indiya jama'a ce daban, Farsi ake ce musu, kakanninsu daga Farisa suka yi hijira zuwa Gujarat, yawancinsu yau suna Mumbai. A ƙidayar 2011 ba su kai dubu 60 ba, 'yan Hindu kuwa sun haura miliyan 960. Su ma ɗin ba sa yarda a ce musu masu bautar wuta.

Abin dariyar ma, tsohuwar fim ɗin da ya kafa hujja da ita ɗanta take juya wa farantin a bakin ƙofa, ko surukarta sabuwar amarya. Wannan karramawa ce da neman tsari daga mugun ido. A kudancin Indiya sau da yawa ko wuta babu a ciki, jan ruwa ne da aka haɗa da jan garin da suke kira kumkum, a juya shi a gaban mutum a kai waje a zubar. Ina wutar da ake bauta wa a nan?

Kuna da masu sauraro da ke kai marasa lafiya Delhi da Chennai, da ɗalibai a Bangalore. Za su ga fitilar nan a shago, a motar haya, a zauren asibiti, wata rana maƙwabci ya miƙo musu alawa bayan ya gama ibada. Wanda ya ji shirinku zai tsaya gudun fitilar da ba ruwanta da shi, ya karɓi alawar ya ci bai san an gabatar da ita ga abin bauta ba, alhali nan ne Musulmi yake buƙatar a faɗa masa gaskiya don ya san yadda zai ba da haƙuri cikin ladabi. Ku gyara wannan magana a iska, a lokacin da kuka yi ta, kada ku tura ta ƙarshen shiri inda kiɗan rufewa zai haɗiye ta.

Tunda na ɗauki alƙalami, ga wata. Tallan mai maganin gargajiyan nan da kuke sakawa ana idar da sallar magariba, yana lissafa cututtukan ma'aurata da sunayensu ba sakayawa, a daidai lokacin da yara ke zaune gaban tuwo da iyayensu, ku mayar da shi bayan ƙarfe goma na dare ko ku sa ya gyara bakinsa.

Naku mai sauraro,
daga Zariya.