Edita, a riƙa nuna wa mutanenmu na Legas inda za su je su taka ƙasa

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan kai da abokan aikinka kuna lafiya, Allah ya ƙara basira. Daga Agege nake rubuto muku, kuma maganar da ke tafe da ni ita ce duk labarin da kuke kawowa a kan mu Hausawan Legas kusan ɗaya ne, ko farashin tumatir a Mile 12, ko an rushe rumfuna, ko rikicin 'yan acaɓa. Duk gaskiya ne ban musa ba, amma akwai abin da ke cin mutanenmu a ɓoye wanda ba mai maganarsa, wato zama wuri ɗaya. Mutum tun asuba yana kan benci a bakin shago ko wajen canji har isha'i, ya koma ɗakin da ake kwana mutum shida, gobe ma haka, a shekara a sake shekara, sai ka ji an ce wane hawan jini ya kama shi, wane suga. Alhali yawancinmu a ƙauye muka tashi, tafiyar ƙasa zuwa gona ko kasuwar wani gari ba komai ba ce a wajenmu, yara ma a Kano hawa Dala da Goron Dutse wasa ne. To wai don mun zo kurmi shi kenan ƙafa ta yi ritaya?

Abin da nake so ku sanar da jama'a shi ne akwai wuraren da motar haya za ta kai mutum ya yi tafiyar ƙasa cikin bishiyoyi ko ya hau dutse ya sha iska, ya dawo ya kwana a ɗakinsa, ba sai yana da motar kansa ba.

Mafi sauƙi gare mu na ɓangaren Agege shi ne Abeokuta. Ka shiga mota a Oshodi ko Iyana Ipaja ko ka fita Sango Ota ka hau a can, a bi ta Ifo a wuce kamfanin siminti na Ewekoro, in ka sammako kafin gosulo ya haɗu za ka isa da hantsi. Wanda ba ya son wahalar hanya ma akwai jirgin ƙasan Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021, yana tsayawa a tashar Agege yana tsayawa a Abeokuta. Dutsen Olumo yana cikin gari kusa da kasuwar Itoku inda ake rini, tsayinsa mita 137, kuma a kogwannin dutsen ne Egbawa, wato Yarbawan Abeokuta, suka ɓuya lokacin yaƙe-yaƙen Yarbawa wajen 1830, har yanzu za a nuna maka ɗakunan da suka zauna da ramukan da suka riƙa niƙa a jikin dutsen. An sa na'urar hawa don tsofaffi amma ni shawarata a bi matakala, akwai wani lungu da sai ka karkace ka dafa da hannu biyu kafin ka wuce, in ka fito sama sai ga kogin Ogun a miƙe da jajayen kwanukan tsohon gari har iya ganinka. Akwai wajen bautar gargajiya a jikin dutsen, ba dole ka tsaya ba, ka gaisa ka wuce abinka, kar dai ka aibata abin mutane a garinsu. In an sauko ga Sabo nan, 'yan uwa ne, a yi azahar a ci tuwo.

Amma wanda ya fi kwanta min a rai, kuma shi ne ainihin karkara, shi ne Ado-Awaye a jihar Oyo. Daga Abeokuta ake neman motar Igbo-Ora zuwa Iseyin, garin yana kan wannan hanyar. Wallahi Malam Edita in ka kai wajen sai ka ga ƙasar ta fara kama da ta gida, kurmin ya yi sauƙi, ga ciyawa ga duwatsu ga gonakin rogo da doya. Ba a hawa kai tsaye, sai an fara neman izini a gari a haɗa ka da ɗan rakiya, kuma hakan shi ne daidai. Da farko matakala ce, daga nan ta ƙare sai tsurar dutse mai faɗi wanda in rana ta take za ka ji zafinsa ta cikin takalmi, numfashi na fita sama-sama, gwiwa na rawa, ka zauna ka huta ka sake tashi ba wanda zai maka dariya don kowa haka yake yi. A can ƙololuwa akwai ɗan tafki da suke kira Iyake, ruwa ne a kwance a kan dutse, mutanen garin suna girmama shi sosai ba a shiga ciki wanka, za ka ga wasu sun zo da jarkoki suna ɗiba. Mu dai namu kallon ikon Allah ne da tasbihi. Wannan tafiyar gaskiya ta fi ƙarfin fita da hantsi, ko dai a bar Legas daga sallar asuba ko a kwana a Abeokuta.

Na ɓangaren Alaba Rago da Okoko kuwa Badagry ce a kusa da su, motar Mile 2 zuwa Badagry za ta sauke ka, a haye da kwale-kwale zuwa tsibirin Gberefu, daga nan tafiyar ƙasa ce cikin yashi da bishiyoyin kwakwa har bakin teku, hanyar da aka riƙa kora bayi zuwa jiragen Turawa, akwai ma rijiyar da ake cewa ana shayar da su a tsakiyar hanya. Ba hawa ba gangara, dattijo ma zai iya, sai dai a riƙe katin ɗan ƙasa saboda hanyar boda ce shingaye sun yi yawa. Masu iyali da ke Obalende ko Ajah su kuma ga gandun dajin Lekki da aka kafa a 1990, hekta 78, da gadar igiya ta saman bishiyoyi mai tsawon mita 401 da birai, amma akwai kuɗin shiga kuma Lahadi cika yake yi. Su duwatsun Idanre da ruwan da ke zubowa daga dutse a Erin Ijesha ban sa su a lissafi ba don tafiyar kwana ce.

Yanzu ga inda maganar take da nauyi, kuma shi ne dalilin da ya sa na ce ku ya kamata ku ɗauke ta ba wai kowa ya tashi gaba gaɗi ba. Bahaushe a dajin kudu ba ɗaya yake da kowa ba a wannan zamanin. Mun ga rikicin da ya faru a Igangan da kasuwar Sasa ta Ibadan a 2021, mun ga mafarautan da aka kashe a Uromi a watan Maris na 2025, Allah ya jiƙansu. Tun da aka kafa Amotekun, rundunar tsaron jihohin Yarbawa, a 2020 ga 'yan banga ga mafarautan gari, duk ido a buɗe yake, kuma su ma mutanen ƙauyukan tsoronsu ba na banza ba ne don masu garkuwa sun addabe su. Saurayi biyu su sauka daga mota da jakar goyo su nufi daji ba wanda ya san su, wannan neman fitina ne. Don haka a tafi a ƙungiya, a sanar da Sarkin Hausawan unguwa kafin a tashi, a samu mai jin Yarbanci a cikin tafiyar, in an isa a fara gaida Baale, wato mai gari, ko fadar sarkin garin, a biya ɗan rakiya haƙƙinsa ba tare da ciniki mai tsawo ba, ko 'yar wuƙar yankan lemo kar a ɗauka, kuma la'asar ta yi muku a tasha ba a kan dutse ba. Abin da na gani da idona shi ne in aka bi ta ƙofa haka mutanen nan murna suke yi, wata tsohuwa mai sayar da ruwa a gindin dutse har kujera ta ba mu tana tambaya wai ashe Hausawa ma suna zuwa kallo. Wannan kaɗai ya isa dalili, su gan mu a matsayin baƙi masu ziyara ba kullum mai gadi ko mai turin baro ba.

Sai batun lokaci, a guji Yuni da Yuli don dutse santsi yake yi in an yi ruwa, daga Nuwamba zuwa Janairu ya fi. A sa kambas ba silifas ba, a ɗau ruwa isasshe da dabino ko ƙuli-ƙuli da 'yar darduma, kuma ledar fiya wata kowa ya dawo da tasa. Mai hawan jini ya tambayi likita kafin ya ce zai hau dutse. Mata ma kar a bar su a baya don Allah, su ne ma suka fi mu zaman ɗaki, in makarantar Islamiyya ta ɗau shatar bas guda da malamai mata ai ba abin da zai hana.

Roƙona gare ku shi ne ku ware ɗan fili ko sau ɗaya a wata, ku tura wakilinku na Legas ya hau motar da kansa ya faɗo mana tashar da ake hawa da kuɗin mota na ranar da kuɗin shiga, tunda farashi kullum canzawa yake shi ya sa ban rubuta ko ɗaya ba, ya kuma ji ta bakin masu garin ko suna maraba da ƙungiya. Shugabannin kasuwar Mile 12 da na mahautan Oko-Oba da ƙungiyoyin matasanmu na Idi-Araba in sun gani a jaridarku za su fi ɗaukar abin da muhimmanci fiye da in ni na faɗa a majalisa.

Na gode, Allah ya bar zumunci.

Naku mai karatu a kullum,
daga Agege, Legas