Wasiƙar Godiya Ga Masu Fere Ƙarfe Na Panteka, Kaduna

Assalamu alaikum, maigida, da kai da yaranka duka.

Ni ne manomin nan da ya zo shagonku da 'yar tirela a ɗaure bayan a-kori-kura, sifirinta na ƙara kamar ana dukan kwano. Ban iya yin shiru da abin da kuka yi mini ba, shi ya sa na rubuto a fili.

A ƙofar gidana muka haɗa tirelar, ni da wani mai walda, don kwaso masara daga gona. Aksil da sifirin daga wata tsohuwar Peugeot 504 muka ciro, irin waɗanda aka daɗe ana haɗawa a Kakuri, ƙarfensu har yau bai gaji ba. Sai dai kunnuwan ƙarfen da muka liƙa wa shasi don riƙe sifirin sun fi shi faɗi. Wani makanike a bakin hanya ya cusa wosha-wosha a wajen ya ce an gama. Kafin mako uku sun cinye juna, sifirin na zamewa hagu da dama, taya ɗaya ta fara cin gefe.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne ba ka yi saurin kunna inji ba. Ka shimfiɗa kwali, ka shiga ƙarƙashi da ma'auninka, ka auna kunnuwan nan huɗu ɗaya bayan ɗaya. Uku tazararsu milimita 14 ce, ɗaya kuwa 12, walda ta ja shi. Da wani ne, da ya yanko zoben cike tazarar guda takwas iri ɗaya ya buga na ƙarshen da guduma. Na kawo guntun bututun ruwa don in rage kuɗi, ka juya shi a hannu ka ce wannan zai lotse da zarar an ɗaure noti. Ka ɗauko guntun sandar ƙarfe daskararre, ka ɗaura a inji.

Na tsaya ina kallon ƙarfen na zubo da ɓawo a nannaɗe, yaronka na ɗiga mai a bakin wuƙar. Zobe shida masu kaurin milimita 7, biyu masu 6, kowanne an huda shi daidai bol, an goge bakinsa don kada ya ci robar sifirin. Har alama ka buga wa ƙananan biyun don kada in rikita su. Da aka ɗauke wuta kuka tayar da janareta, ba ku ƙara mini ko kwabo ba.

Gargaɗinka ma na riƙe: bol ɗin kunnuwan baya ban matse su har su kafe ba, don sifirin ya samu wurin motsi, kuma na sa noti biyu-biyu.

Kakar bana buhu takwas-takwas nake ɗora mata, a hanyar da ruwa ya zaizaye, ban sake jin ƙarar nan ba. Allah Ya yi wa sana'arku albarka, Ya raya yaran da kake koya wa aiki. Bayan Sallah zan kawo muku injin casar maƙwabcina, shi ma boris ɗinsa na rawa.

Naku,
Wani manomi daga hanyar Zariya