In ɓera da sata, daddawa ma da wari: kan ɗan beyar da kuka sa mu dariya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina da 'yar magana a kan bidiyon da kuka rufe labarai da shi kwanakin baya, na ɗan beyar ɗin nan (ƙatuwar dabbar daji mai yawan gashi, wadda Turawa ke kira bear) da ya kutsa zangon masu yawon buɗe ido a gandun daji, ya kifar da mazubin shara, ya ja jakar abinci ya yi gaba, mutane na biye da shi da wayoyi suna ta shewa. Mai gabatarwa ya kira shi ɗan ƙiriniya, aka yi dariya, aka wuce. Abin da ba a faɗa ba shi ne inda irin wannan labari yake ƙarewa. A gandayen Amurka da Kanada akwai maganar da ake rubutawa a alluna, ma'anarta ita ce duk beyar ɗin da aka ciyar da shi kwanansa ya ƙare. Ba barazana suke yi ba, abin da suka saba gani ne.

Ga misalin wani ɗan beyar da aka sani da Juan Carrito a tsaunukan Abruzzo na ƙasar Italiya. Yana cikin wani jinsi na beyar da babu shi ko'ina a duniya sai can, kuma waɗanda suka rage ba su wuce 50 zuwa 60 ba. An haife shi a 2020, su huɗu a ciki guda, abin da ba kasafai ake gani ba. Uwarsa, Amarena, ta saba shiga ƙauyuka da 'ya'yanta tana cin 'ya'yan itace, jama'a na fitowa kallo. A nan ya yi karatunsa. Da ya rabu da ita sai ya mai da garin Roccaraso, wurin da baƙi ke zuwa wasan zamiya a kan ƙanƙara, tamkar gidansu: ya bi mazuban shara, ya sha ruwa a famfon gari, a watan Nuwamban 2021 kuma ya fasa gidan burodi ya cinye biskit. Duniya ta ɗauka, ya zama tauraro a Facebook. Hukuma ta yi masa allurar barci, ta ɗauke shi a jirgi mai saukar ungulu zuwa can ƙuryar daji. Ya dawo. A watan Maris na 2022 aka sake kama shi, aka tsare shi na ɗan lokaci, aka sake shi a gandun Maiella. Ya sake dawowa. A watan Janairun 2023 mota ta buge shi a kan babbar hanya kusa da Castel di Sangro, ya mutu bai ko gama girma ba. Watanni bakwai bayan haka wani mutum ya harbe uwar a kusa da gidansa, ta bar ƙananan 'ya'ya biyu. A jinsin da ake ƙirga shi ɗaya bayan ɗaya, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Me ya sa kusan kullum matashin beyar ne ke jawo wannan rigima? Ɗan beyar yakan zauna da uwarsa shekara ɗaya da rabi zuwa uku, gwargwadon jinsinsa, sannan ta kore shi. Ya fita ke nan bai ƙware da neman abinci ba, manyan maza kuma sun riga sun mamaye wuraren da ke da albarka, ya kusance su su kashe shi. Ina zai nufa? Bakin hanya da zangon baƙi, inda manyan ba sa son zuwa. Ga hanci mai jin ƙanshi daga nesa ƙwarai, ga yunwar kaka, lokacin da jikinsa ke buƙatar tara kitse kafin dogon barcin hunturu, har yakan wuni ya kwana yana ci. Dabbar da za ta wuni tana tonon saiwa da tururuwa ta tarar da mazubi cike da ragowar nama da burodi, sau ɗaya ya ishe ta darasi, kuma beyar ba ya mantuwa. Yau shara, gobe tanti, jibi ya tsare mutum a hanya yana jiran a miƙo masa. Ranar da wani ya hana shi, ko yaro ya ruga a gabansa, sai a ji an ce dabba ta haukace, a ɗauko bindiga. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Amurkawa sun daɗe kafin su gane haka. A gandun Yellowstone, wanda aka kafa a 1872, hukumar da kanta ta taɓa kafa kujerun kallo kusa da juji don baƙi su zauna su ga beyar na cin shara da yamma, a kan hanya kuma mutane na miƙa abinci ta tagar mota. Daga 1931 zuwa 1969, a kowace shekara beyar na raunata kimanin mutum 48 a gandun, ban da ɓarnar dukiya. Sai daren 13 ga Agustan 1967, a gandun Glacier, beyar biyu daban suka kashe 'yan mata biyu masu shekara 19, a wurare biyu daban, a dare ɗaya. Bincike ya nuna dabbobin wurin sun saba da shara da ragowar abincin mutane. Daga nan ido ya buɗe. A 1970 Yellowstone ta soma sabon tsari: ta rufe jujin da ke fili, ta kawo mazubai masu murfin da beyar ba zai iya buɗewa ba, ta hana ciyarwa da gaske.

Kuma gyaran bai zo da sauƙi ba, gara a faɗa. 'Yan'uwa biyu masana, Frank da John Craighead, waɗanda suka shafe shekaru tun 1959 suna nazarin beyar ɗin wurin, sun ce a rufe jujin a hankali, don in an yanke shi lokaci guda dabbobin za su bazama zangon baƙi. Hukuma ta ƙi. Suka bazama kuwa, aka kashe da yawa, har a 1975 aka sa babban beyar na yankin cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, ana ƙiyasin waɗanda suka rage ba su kai 150 ba. Waɗanda suka riga suka saba, ba a iya ceto su ba. 'Ya'yan da aka haifa bayan rufe jujin su ne suka tashi ba su san ɗanɗanon shara ba. Yau yawansu ya kai wajen 1,000, raunin da suke yi wa mutane a gandun kuma ya koma kamar mutum ɗaya a shekara, duk da baƙi sun ninka na da.

To yaya ake yi da matashin da ya fara leƙo zango amma bai yi nisa ba? A gandun Yosemite na jihar Kalifoniya, inda a 1998 kaɗai aka samu ɓarnar beyar sama da sau 1,500, yawanci fasa motoci, ma'aikata na sintiri da dare. Suka gan shi a zango sai su bi shi da ihu da ƙara, su harbe shi da abin da ke da zafi amma ba ya huda fata, don ya haɗa wurin mutane da wahala. A wasu wuraren, har da garin Karuizawa na Japan, karnukan farauta 'yan asalin yankin Karelia ake sakar masa su kore shi da haushi. Ana ɗaura wa wasu na'ura a wuya a riƙa bin sawunsu. Amma duk wanda ya yi aikin zai gaya maka kora ba ta cin nasara muddin akwai ladan da ke jiran dabbar in ta dawo. Abin da ya rage ɓarnar Yosemite da sama da kashi 90 cikin 100 shi ne akwatunan ƙarfe da aka kafa a kowane zango, da dokar da ta tilasta wa baƙo kulle abincinsa a ciki, har sabulu da man goge baki, da tara ga wanda ya ƙi.

Ɗaukar dabba a kai ta nesa kuwa, ni ban ga amfaninsa ba in ba kwantar wa jama'a hankali ba. Juan Carrito ya dawo sau biyu. A Kanada, wata macen beyar mai lamba 148 ta saba da mutane a yankin Banff, aka kai ta ɗaruruwan kilomitoci arewa a watan Yulin 2017. Kafin ƙarshen Satumba maharbi ya kashe ta. A jihar Oregon ta Amurka ma ba a yi wannan wahalar ba: a watan Yunin 2019 jami'ai suka tarar da wani matashin beyar a bakin hanya kusa da wani tafki yana cin abincin da mutane ke zuba masa don su ɗauki hoto da shi, suka ce ya riga ya saba, suka kashe shi. Waɗanda suka ciyar da shi suna gida da hotunansu.

Shi ya sa na fi yarda da wuraren da suka juya kan baƙon. A Yellowstone doka ta ce ka tsaya aƙalla yadi 100 daga beyar, kuma a 2021 kotu ta ɗaure wata mata kwana huɗu saboda ta matsa wa uwa da 'ya'yanta tana ɗaukar hoto. A zangon Brooks na gandun Katmai a Alaska, kana sauka za a fara zaunar da kai a karanta maka ƙa'idojin zama da beyar kafin ka taka ko'ina. Wasu za su ce tsanani ya yi yawa ga wanda ya biya kuɗinsa ya zo hutu. Kwana huɗu a gidan yari dai ana fitowa.

Kada wani ya ce mu da ba mu da beyar ina ruwanmu. Duk wanda ya kwana a zangon Wikki na Yankari ya san yadda gwaggon birai ke fizge leda a hannun baƙo, su leƙa ɗaki in an bar taga a buɗe. Ba da wannan hali aka haife su ba, masu jefa musu ayaba da biskit don hoto ne suka koya musu.

Roƙona gare ka, Edita, ba wai ku daina nuna irin wannan bidiyo ba ne, don yana da ban sha'awa kuma yara na so. In za ku nuna, ku ƙara minti ɗaya: a wane gandu ne, wa ya bar mazubin a buɗe, me hukumar wurin ta yi, kuma yanzu ina ɗan beyar ɗin yake. Na ƙarshen nan shi na fi so wakilinku ya bincika mana, in da hali a shirin mako mai zuwa.

Na gode da ba ni fili.

Naku,
Mai bibiyar shirye-shiryenku daga Bauchi