Bar obefin, shuka magarya

Assalamu alaikum ɗana,

Bayan gaisuwa, innarka ta ce ka dawo daga Faransa da ƙwallayen wani icce mai ƙaya, obefin, wai za ka shuka a filinka na Karkada don tsuntsaye su samu wurin zama. Niyyar ta yi mini daɗi, iccen ne ban yarda da shi ba.

Can ƙasarsu yana fidda farin fure a watan Mayu, jajayen ƴaƴansa su ciyar da tsuntsaye da sanyi. Amma ƙwallonsa sai ya sha sanyin hunturun Turai kafin ya tsiro, wani ma sai ya haura shekara a ƙasa. Ina za ka samo masa wannan a Damagaram, inda ruwan shekara bai cika wuce milimita 400 da ɗoriya ba, famfo kuma ya yi kwanaki bai ɗiga ba?

Abin da ya burge ka a jikinsa, ai magarya tana da shi. Ƙayarta ta sa kurciya ke yin sheƙa a ciki, kyanwa na kallo daga ƙasa. Furenta ƙanana ne, ba na nuna wa baƙo ba, amma ka tsaya ƙarƙashinta da ƙarshen damina ka ji kukan ƙudan zuma. Da ɗari ƴaƴan su nuna, tsuntsaye su ci, yara su tsinta, innarka ta daka ta yi akuri. Ganyen kuwa ka san ranar da ake nemansa.

Fasa ƙwallon a hankali ka ciro irin da ke ciki, ya fi saurin tsira. Yi reno a leda, ka dasa a watan Yuli idan ƙasa ta jiƙe, rami rabin mita, da ruɓaɓɓen taki. Ka kewaye da ƙaya tun ranar. Tawa ta farko akuyar maƙwabci ce ta cinye ta cikin yini guda, har yau ban huce ba.

Kar ka fesa magani, kar kuma ka share ganyen da ya zuba. Nan ƙwari ke ɓuya, bushiya ta biyo su da dare. Ajiye kasko da ruwa a inuwa, musamman da bazara.

Ranar kasuwar Mirriya zan aiko maka da ƙwallaye daga tsohuwar magaryar gonarmu. Gaishe mini da amarya.

Mahaifinka