Lambar iƙama ba sirri ba ce

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi magana a kan masu yin sojan gona da sunayen mutane ta waya da intanet, al'amarin da ya fara damun Hausawa mazauna Saudiyya. Ni malamin lissafi ne a Jidda, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya sami wani dattijo maƙwabcina a watan jiya. Wani ya buga masa waya ya ce daga banki yake, ya karanto masa cikakken sunansa da lambar iƙamarsa, wato takardar izinin zama a Saudiyya, babu kuskure, sannan ya ce za a rufe asusunsa idan bai amince da buƙatar da za ta shigo wayarsa nan take ba. Dattijon ya amince. Da na ce masa, "Baba, me ya sa ka yarda da shi?" sai ya ce, "Ɗana, ai ya san lambata."

Lambar iƙama kuwa kafili ya san ta, mai gidan haya ya san ta, asibiti da kamfanin waya duk sun rubuta ta, kamar yadda lambar NIN take a gida Najeriya. Masana ilimin sirranta saƙo sun daɗe da gina aikinsu a kan wannan gaskiyar. A shekarar 1984 Adi Shamir, ɗaya daga cikin mutum ukun da suka ƙirƙiro tsarin sirranta saƙo mai suna RSA, ya kawo shawarar a mai da abin da kowa ya riga ya sani game da mutum, kamar sunansa ko adireshinsa na imel, ya zama mabuɗinsa na fili, wato wanda kowa zai iya gani ya tantance shi da shi. Wata cibiya amintacciya ce ke riƙe da uwar mabuɗai, da ita take sarrafa wa kowane suna mabuɗinsa na ɓoye, ta damƙa wa mai shi. Tun daga tushe ke nan an ɗauka ɓarawo ya san sunanka da lambarka, tsaron kuma ya rataya ne a kan abin da ke cikin katinka ko wayarka.

Kalmar sirri irin wadda muka saba da ita aibinta shi ne sai ka faɗe ta kafin a yarda da kai, kuma duk wanda ya ji ta ya zama kai. Don kauce wa wannan ne Fiat da Shamir suka fito da tsarinsu a 1986, Guillou da Quisquater suka biyo da nasu a 1988 domin katuna masu ƙwaƙwalwa, Schnorr kuma a 1989. Dukansu magana uku ce. Mai da'awa ya jefa ƙuri'a ya sami sabuwar lamba, ya kulle ta ya aika. Mai tantancewa ya jefo masa tambayar da ba ya tsammani. Shi kuma ya ba da amsar da ta cuɗa lambar ƙuri'ar da tambayar da mabuɗinsa, ta yadda za a iya gane amsar daidai ce ba tare da an ga mabuɗin ba. A mafi sauƙin tsarin Fiat da Shamir tambayar biyu ce kawai, ko sifili ko ɗaya, don haka ɗan sojan gona na iya cinka daidai sau ɗaya cikin biyu, amma idan aka maimaita sau 20 sa'arsa ta koma ɗaya cikin 1,048,576.

Sai a 2004 aka tsara ma'anar tsaron irin waɗannan tsare-tsare masu dogaro da suna, a aikin Kurosawa da Heng da kuma na Bellare da Namprempre da Neven. Sun yi la'akari da ɓarawon da ya laɓe yana sauraron yadda mai gaskiya ke shaida kansa, da wanda ya fi shi hatsari, wato mai shigar burtu ya zo a matsayin mai tantancewa yana zaɓar tambayoyin da za su tatso masa wani abu, da kuma wanda ke buɗe hira da yawa a lokaci guda yana ɗaukar abin da ya samu a wannan ya jefa a waccan. Tunda kuma duk mabuɗan uwa ɗaya ta haife su, wajibi ne a tabbatar cewa ko ɓarawo ya sayi mabuɗan mutum ɗari ba zai iya ƙera na wani daban ba.

Hujjar tsaron tana burge ni a matsayina na malami, domin ɗan sakandare zai gane ta. Wanda ya iya amsa tambayoyi biyu mabambanta a kan lambar ƙuri'a ɗaya ya ba da lissafi biyu masu ɓoyayyun lambobi biyu, kuma daga nan mabuɗin zai fito fili. Saboda haka mai sojan gona da ke cin nasara a kai a kai, ko dai ya san mabuɗin, ko ya warware matsalar lissafin da ta gagari masana. Sai dai ta wannan ƙofar ce ɓarna ke shiga idan na'ura ta maimaita lambar ƙuri'arta. Haka ya faru a 2010, lokacin da aka gano mabuɗin sa hannun na'urar wasanni ta PlayStation 3 saboda ana amfani da lamba ɗaya a kowane sa hannu. Tun 2001 ma aka yi nazarin ɓarawon da zai kama kati ya riƙa mai da shi farko don ya tilasta masa irin wannan maimaicin.

Abin da ya ci dattijon nan daban ne, kuma waɗancan hujjoji ba su rufe shi ba, domin sun ɗauka ɓarawo ya rabu da mai gaskiya kafin ya gwada sa'arsa. Wannan kuwa a tsakiya ya tsaya, kamar yaron da bai iya dara ba ya zauna da gwanaye biyu a ɗakuna daban, yana kai wa wannan wasan wancan. Ɓarawon ya buɗe wani shafin intanet da lambar dattijon, shafin ya jefo tambaya, ya miƙa ta ta waya, mai mabuɗin na gaskiya ya amsa da hannunsa. Brands da Chaum sun kawo magani a 1993, wato auna lokacin da amsa ke ɗauka don a san nisan mai amsawa, amma wannan ya fi dacewa da kati da ƙofa. Tsari irin na Nafath, manhajar tantance mutum ta gwamnatin Saudiyya, inda shafi ke nuna lamba mutum ya zaɓi irinta a wayarsa, yana hana amincewa da ka, da sharaɗin mai wayar ya san cewa lambar da idonsa zai gan ta a shafin da shi ya buɗe, ba a kunne zai ji ta ba.

Akwai kuma batun uwar mabuɗai, wadda duk wanda ya sace ta ya iya zama kowa. Ana rage wannan hatsarin ta rarraba ta ga cibiyoyi da dama, ko ta tsarin Al-Riyami da Paterson na 2003, inda mutum ke ƙara nasa sirrin da cibiyar ba ta sani ba.

Bankuna a nan suna aiko da gargaɗi, amma da Larabci da Turanci, alhali da yawa cikin iyayenmu na Makka da Jidda da Madina, da alhazan da ke zuwa kowace shekara, Hausa suka fi ji. Ina roƙon jaridarka ta ware wa wannan bayani fili kafin aikin Hajji mai zuwa, ina kuma roƙon shugabannin al'ummarmu su riƙa faɗinsa a wuraren taro. Shi dai dattijon yanzu idan aka kira shi da sunan banki kashe wayar yake yi, ya sa jikansa ya raka shi reshe.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Jidda, Saudiyya